Dandamalin Jirgi a Shargalle: A Ɗaga Shi Ko A Bar Shi Ƙasa?

Ranar 9 ga Fabrairu, 2021, aka aza harsashin layin dogon da zai taso daga Kano, ya ratsa Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya, ya dire a Maraɗi. Tafiyar kilomita 284 ce, kuma kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal aka danƙa wa aikin a kan kuɗi kusan dala biliyan biyu. Tun daga lokacin, duk majalisar da aka ɗauko zancen, manyan batutuwa ake tafka musu a kansu: bashin da za a ci, diyyar gonakin da layi ya bi ta cikinsu, da ko ya dace Najeriya ta kai dogo har cikin Nijar. Akwai wani ƙaramin batu da ba a cika waiwaya ba, alhali shi ne kowane fasinja zai taka da ƙafarsa sau biyu a duk tafiya, wato dandamalin da ake tsayawa a kai a hau jirgi ko a sauka.

A jerin tashoshin da aka tsara wa layin akwai Shargalle, a Ƙaramar Hukumar Dutsi, tsakanin Daura da Mashi. Ita ce tashar da mutanen Dutsi da ƙauyukanta za su nufa, har da wasu daga Ingawa da Sandamu. Wannan yanki bai taɓa ganin jirgin ƙasa ba. Dogon Turawa ya iso Kano a 1911, daga baya wani reshe ya bi ta Funtuwa zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, wani ya nufi Nguru, amma Daura da birnin Katsina aka bar su da jaki da raƙumi, sannan mota. Saboda haka galibin waɗanda za su tsaya a bakin dogo a Shargalle, wannan ne zai zama hawansu na fari.

Ga inda matsalar take. Daɓen taragon jirgin dogon zango ya ɗara mita ɗaya daga saman ƙarfen dogo, domin ƙafafu da birki da sauran kayan aiki duk a ƙarƙashinsa suke. Hanya biyu ce ta kai mutum can. Ko a ɗaga dandamali ya yi kai ɗaya da ƙofa, mutum ya taka ya shiga, ko a bar shi ƙasa-ƙasa, mutum ya hau matakala uku ko huɗu da ke jikin taragon. Duniya ma ba ta tsaya a kan magana ɗaya ba. Ƙasar Sin da Japan suna gina wa jiragensu masu gudun tsiya dandamali mai tsayin santimita 125. Birtaniya ta tsaya a 91 da rabi. Tarayyar Turai ta amince da awo biyu, 55 da 76. A Amurka, biranen arewa maso gabas suna da mai kusan 122, sauran ƙasar kuwa sau da yawa santimita 20 kacal. Indiya tana da hawa uku, daga mai tsayi har zuwa wanda ya yi daidai da dogo a ƙananan tashoshin ƙauye. Kowane awo yana da masu kare shi, kuma babu ɓangaren da za a ce sakarkaru ne.

Abin da masu son a ɗaga ke cewa

Su dai hujjarsu ta farko tambaya ce: wa zai hau? Ba ma'aikacin banki mai 'yar jaka a hannu ba ne zai cika taragon Shargalle. Tsohuwa ce da jikanta zai kai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Mai tsohon ciki ce. Matar da za a kai asibitin Babbar Ruga a Katsina ce, wadda tsayuwa ma da ƙyar take yi. Almajirai ne da akwatunan ƙarfe, da mai goyo wadda ta riƙo wani yaron a hannu, ga ƙullin kaya a ka.

A kalli mai goyon nan a bakin ƙofa. Matakalar tarago a miƙe take, takun farko ya kusa kai gwiwa, ƙarfen riƙewa ya sha rana tun hantsi. Zani a ɗaure ba ya barin ƙafa ta buɗe yadda takun ke so. Hawan yana buƙatar hannu biyu, ita kuwa babu ko ɗaya da ba ya aiki. Dole ta sauke kayan, ta juya ga wani namiji da ba ta sani ba ta ce, "Malam, don Allah riƙe mini yaron nan." Ɗan dako daga sama yana cewa, "Hajiya, fara miƙo kayan tukuna." Na bayanta suna turowa, domin sun ji usur. Wannan a ƙofa ɗaya ke nan, kuma jirgi mai tarago goma ƙofofinsa sun kai ashirin. In da dandamalin ya yi kai ɗaya da ƙofa, da takawa kawai za ta yi ta wuce, ba ta roƙi kowa ba.

Sai guragu. A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da cutar shan-inna ta asali, amma yaran da cutar ta kama a Arewa shekaru ashirin da suka wuce ba su tafi ko'ina ba. Magidanta ne yau, suna sana'a, suna yawo a kekensu mai feda ta hannu. A dandamalin ƙasa, hanyar shigarsu ɗaya ce: a ciccibi mutum, a ciccibi keke. Masu wannan ra'ayi suna tunatarwa cewa ba alfarma suke nema ba. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a da ababen hawa wa'adin shekara biyar su gyara, wa'adin kuma ya cika a farkon 2024. Tsohuwar tasha tana iya fakewa da cewa haka aka gaje ta. Sabuwa da me za ta fake?

Suna da wata magana mai cizo da sukan jefa a nan. Duk karar da ake lodin shanu, za ka tarar an tara ƙasa an yi tudu, tirela ta ja da baya ta jingina, sa ya taka ya shiga ba tare da an ɗaga shi ba. Dillalan shanu sun gane wannan ba tare da injiniya ba. Abin da aka yi wa sa, a rasa yi wa tsohuwa?

Hujjar ƙarshe ta lokaci ce. Layin Kano zuwa Maraɗi tilo ne, jirgi mai zuwa da mai dawowa a kan dogo ɗaya suke, sai a wasu tashoshi ne ɗaya ke raɓewa ɗaya ya wuce. A irin wannan layi, jinkirin tasha ɗaya ba ya tsayawa a nan. In hawa da sauka sun cinye minti biyar fiye da ƙa'ida a Shargalle, jirgin da ke jira a Mashi ya yi asarar su, wanda ke jiran shi a gaba ma haka. Kuma gaggawa a kan matakala ita ke jawo zamewa. A Mumbai ta Indiya, sai da fasinjoji da dama suka zurma tsakanin dandamali da ƙasan ƙofa, wasu suka rasa gaɓoɓi, wasu rayuka, sannan babbar kotun birnin ta matsa wa hukumar jiragen ta ɗaga dandamalinta.

Martanin masu son a bar shi ƙasa

Waɗannan ba su musanta wahalar mai goyo ba. Cewa suke yi an kalli ƙofa an manta da sauran filin. Dandamali mai tsayin santimita 125, in aka tsaya daga gefe, katanga ce doguwa. Tarago ɗaya na zamani yakan kai mita 25, don haka jirgi mai tarago goma da injinsa yana son dandamalin da ya doshi mita 300. Ba a hawa wannan katanga ta ko'ina, sai ta matakala ko gangara. Ƙa'idar gangarar da keke zai iya hawa ita ce duk tashin mita ɗaya a ba shi tsawon mita goma sha biyu, wato a nan mita 15 ke nan. Ashe matakalar da aka cire daga jikin jirgi ba ta ɓace ba, baya aka mayar da ita. Mai baro da buhun gero uku, da mai jan akuya biyu, da mai keken guragu, duk sai su haɗu a wuyan gangara ɗaya. Dandamalin ƙasa kuwa fili ne, amalanke tana zuwa har gindin taragon kaya.

Na biyu, faɗuwa. Yaro ya faɗo daga santimita 30, ya ƙuje gwiwa, ya tashi ya hau da kansa. Ya faɗo daga 125 a kan tsakuwa da ƙarfe, magana ta canza, kuma ko babba in ba mai ƙarfi ba ne ba zai iya komawa sama da hanzari ba. Japanawa sun san wannan, shi ya sa suke barin rami a ƙarƙashin leɓen dandamali inda wanda ya faɗa zai maƙale, suna kuma kafa maɓallin tsayar da jirgi a jikin ginshiƙai, manyan tashoshi har da ƙofofin gilashi. Mai tsayi ba ya zuwa shi kaɗai, da rakiyar kayan tsaro yake zuwa, su kuma suna son wuta da gyara. A ƙiyasta cunkoson jajibirin Sallah, ko lokacin Sallar Gani da jama'a ke ɗunguma Daura, mutanen da ba su taɓa tsayawa a bakin dogo ba, kowa yana leƙen ya ga kan jirgi. Wa zai riƙe su daga bakin?

Na uku, kaya. Babban dalilin da aka bayar na wannan layi ba fasinja ba ne, ciniki ne: hatsin Dawanau, siminti, taki, dabbobi, da kwantenonin da za su taso daga tashar ruwan Legas zuwa Maraɗi. Taragon kaya wani lokaci ya fi na fasinja faɗi, yana kuma rangaji in yana gudu. Dandamali mai tsayi dole a ja shi baya don kada a goge shi. Da zarar an ja shi baya, sai rata ta buɗe tsakaninsa da ƙofar fasinja, ƙafar yaro ko tayar keke ta samu wurin faɗawa. A wasu tashoshin Amurka, sai da aka shimfiɗa ƙarin ƙarafa a kan dogo ɗaya don jirgin kaya ya ɗan kauce wa dandamali. Dabara ce mai kyau, amma ƙarin makulli ne da sai an riƙa shafa masa mai.

Hujjarsu da ta fi nauyi, a ganina, ita ce ta huɗu. Dandamali yakan shekara ɗari, tarago kuwa talatin ko arba'in ya tsufa. Wanda ya zuba kankare a santimita 125 ya ɗaure jikokinsa da sayen tarago mai dogon daɓe har abada. Siwizalan ta bi wata hanya: ta tsayar da dandamali a 55, ta sa masu ƙera jirage suka sauko da daɓen tarago zuwa nan. An samu shiga ba hawa, ba tare da katanga ba. Jamus kuwa, da ta bar kowane zamani ya gina nasa, yau tana fama da 38 da 55 da 76 da 96 a ƙasa ɗaya, jirgi ya yi daidai a wannan tasha, a ta gaba ya zama sai an hau ko an dira. Don haka, in ji su, kada a yi gaggawar ɗagawa. Na ƙasa ana iya ƙara masa tsayi gobe, mai tsayi kuwa sai dai a fasa.

Ja-in-ja a kan kuɗi, sannan gada

Batun tsada ba ya ɗaukar lokaci. Gaskiya ne cikon mai tsayi ya ninka na ƙasa wajen sau huɗu, ga bango mai riƙe cikon. Amma a layin da kowace kilomita ta lashe miliyoyin daloli, bambancin bai taka kara ya karya ba. Masu son ƙasa da kansu ba su cika dogara da wannan ba. Su kuma masu son ɗagawa suna da amsa ga misalin Siwizalan: tarago mai gajeren daɓe tsada gare shi, kuma ba irinsa Najeriya ke saye ba. Jirgin da zai tsaya a Shargalle, in layin Kaduna zuwa Kano ya haɗu, ɗan'uwan wanda ke tashi daga Idu a Abuja zuwa Rigasa a Kaduna ne tun 2016. Ba za a ƙera wa Dutsi tarago nata na daban ba. Tun ran gini tun ran zane, in ji su, kuma "za a ɗaga daga baya" magana ce da kowa ya san inda take kwana a ƙasar nan.

Inda gardamar ta fi zafi shi ne wurin da dogo ya zama biyu. Duk tashar da jirage za su yi kiciɓis tana da layi biyu aƙalla, kuma in dukansu na fasinja ne, ɗaya zai tsaya a can ƙetare. Yaya za a kai mutane wurinsa?

In dandamali ƙasa yake, amsar mai sauƙi ce: a shimfiɗa mashigi a kan dogo daga ƙarshen dandamali, a sa ƙyaure, ma'aikaci ya buɗe in jirgi ya tsaya cik, ya rufe kafin ya motsa. In mai tsayi ne, al'adar masu zane ita ce gadar sama. Gada kuwa sai ta ba jirgi wajen mita shida ko fiye ya wuce ta ƙarƙashinta. Matakala talatin da ɗoriya ke nan a hawa, haka a sauka. Masu son ƙasa a nan suke dariya: kun ceci tsohuwa daga matakala huɗu, kun miƙa ta ga sittin. In an ce a yi gangara, lissafin nan na ɗaya cikin goma sha biyu zai ba da sama da mita 70 kowane gefe. In an ce a sa lif, sai a tambayi wutar da za ta ja shi, da wanda zai gyara shi ranar da ƙurar hunturu ta shiga cikinsa, da ko keken guragu mai dogon gaba zai ma shiga akwatin. Tashar Mobolaji Johnson a Legas tana iya ɗaukar nauyin lif da matakala mai tafiya da kanta. Shargalle fa? Kuma kowa ya ga abin da ke faruwa da gadojin sama a manyan titunanmu: gada tana tsaye, jama'a suna tsallaka titi ta ƙarƙashinta.

Masu son ɗagawa ba su rasa ta cewa ba. Wannan ɗabi'a ta tsallakawa, in ji su, ita ce ma dalilin da ya sa ake son tsayin. A dandamalin ƙasa dogo ba ya ba kowa tsoro, mutum yana sauka ya ratsa duk inda ya ga dama, yara su mayar da wurin filin wasa, awaki su bi sahu. Jirgin kaya da ba zai tsaya ba, in ya taho da nauyinsa, yana iya cin kilomita guda kafin birki ya kama shi. Mai motar haya yana kauce wa mutum, direban jirgi ba shi da sitiyari. Tsayin santimita 125 shi kansa mai gadi ne da ba ya barci, ba ya karɓar na goro. Ƙyauren mashigi kuwa amincinsa yana hannun mutum ɗaya, kuma ranar da ya tafi salla ya bar shi a buɗe ta isa.

Akan shigo da batun tsaro ma. Bayan harin 28 ga Maris, 2022, a kan jirgin Abuja zuwa Kaduna, da sace fasinjojin da ke jiran jirgi a tashar Igueben ta Jihar Edo a Janairun 2023, babu wanda ke son tasha buɗaɗɗiya ta ko'ina. Sai dai wannan hujja ba ta kowa ba ce a cikinsu. Shinge da jami'ai ke tsare tasha, tsayin dandamali ba ya tare mai bindiga. Abin da shingen zai yi wa masu tallar fura da rake da dafaffen ƙwai, waɗanda a tsofaffin tashoshi irin Funtuwa da Zariya ta taga suke ciniki, wannan wata muhawara ce daban, kuma tagogin sabbin taragai ma ba sa buɗewa.

Abin da jirgin wasa ke nunawa

Akwai masu sha'awar gina ƙananan layukan dogo a kan tebur, da tashoshi da gadoji da jirage masu tafiya da lantarki. Awon da ya fi yaɗuwa a tsakaninsu shi ne ɗaya cikin 87, inda faɗin dogon zamani na santimita 143 da rabi ya koma milimita 16 da rabi. A birnin Hamburg na Jamus akwai wani katafaren gida mai suna Miniatur Wunderland da aka cika da irin wannan, jama'a na biya su kalla. A wannan awo, dandamalin santimita 125 milimita 14 ne, na 55 kuwa shida da 'yan kai. Dukan gardamar da ke sama ba ta kai faɗin farce ba.

Duk da haka suna da dabarar da ta cancanci a sani. In za su gina dandamali a kan kwana, sukan ɗauki taragonsu mafi tsawo, su manna fensir a tsakiyarsa, su tura shi ya zana layi a kan katako, sannan su mayar da fensirin goshin taragon su sake turawa. Layukan biyu ba sa haɗuwa. Tarago miƙaƙƙe ne, dogo kuwa ya lanƙwasa, saboda haka cikinsa yana shiga ta ciki, goshinsa yana fita ta waje. Dole a ja bakin dandamali baya ya kauce wa duka biyun, abin da ya rage kuwa rata ce. Wannan shi ne sirrin ramukan da ke tsakanin jirgi da dandamali a wasu tsofaffin tashoshin ƙarƙashin ƙasa na Landan. Darasin bai bar wa kowane ɓangare zaɓi ba: ko mai tsayi ko na ƙasa, a miƙaƙƙen dogo ake gina shi.

Amma samfuri yana yaudara ta wata fuskar. Dandamalin mita 300 a wannan awo ya haura mita uku, tebur ba ya ɗauka, don haka masu wasan sukan gajarta shi, ido kuma ba ya ganewa. Samfurin da ake ajiye wa manyan baƙi cikin akwatin gilashi ranar buɗe aiki ma haka yake: 'yan mutanen roba a tsaye, kowa da tazara, babu mai buhu, babu rana. Daga sama ake kallonsa, gada ta yi kyau ƙwarai daga sama. Da za a ji shawarata, Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke Daura, wadda ke nan kusa, ɗalibanta su buga ƙofar tarago da katako a ainihin girmanta, da bakin dandamali mai hawa uku, a gayyato ƙungiyar guragu da ta makafi da 'yan dako da mata masu goyo, a riƙe agogo. Gani ya kori ji, kuma kuɗin katakon bai kai na walimar taro ɗaya ba.

Tankaɗe da rairaya

In aka zube hujjojin a faifai, wasu suna faɗuwa da wuri. Tsada ta faɗi. Tsaro ya faɗi. Batun taragon kaya ma yana da magani sananne, wato a sa dandamali a layin raɓewa, a bar babban layi fili ga jirgin da ba zai tsaya ba. Tsoron faɗuwa gaskiya ne, amma ana rage shi da faɗin dandamali, da jan layi, da tubalan nan masu ƙuraje da aka fara shimfiɗawa a Okayama ta Japan a 1967 don sandar makaho ta ji bakin, da kuma karkata daɓen baya kaɗan don baro ko keke in ya suɓuce ya gangara nesa da dogo.

Abin da ya rage a faifan biyu ne, kuma ba sa soke juna. Masu son ɗagawa sun yi gaskiya cewa da irin taragon da ake da shi, matakalar ƙofa tana tace fasinja, tana barin masu rauni a ƙasa, doka kuma ba ta yarda da haka ba. Masu son ƙasa sun yi gaskiya cewa dandamali mai tsayi da ya jawo gada marar lif ya fi matakalar ƙofa zalunci. Ni dai na fi karkata ga ɗagawa a gefen da ginin tasha yake, musamman in aka cike filin gaban tashar tun daga titi ya riƙa tashi a hankali, yadda mutum zai iso bakin ƙofar jirgi bai san ya hau komai ba. A Daura da Katsina, inda jama'a za su yi yawa, ban ga abin musu ba.

Akwai kuma tsaka-tsaki da ake yi a wasu wurare. A ƙaramar tashar Harrington da ke arewacin Ingila, a 2008, maimakon a ɗaga dandamali gaba ɗaya, tudu aka ɗora a wani ɗan yanki daidai inda ƙofa ɗaya ke tsayawa, dabarar kuma ta bazu zuwa wasu ƙananan tashoshi. Jiragen kewayen Boston a Amurka suna da irin wannan. Araha ne, yana kuma biyan bukatar mai keke. Aibinsa shi ne sai direba ya tsaya daidai wurin kullum, kuma a garin da rabin fasinjoji ke da dalilin neman ƙofa mai sauƙi, ƙofa ɗaya za ta zama wurin kokawa.

Wani abu da ɓangarorin biyu suka haɗu a kai, ko da yake ba su cika faɗa ba, shi ne rumfa. A watan Afrilu zafi a wannan yanki yana haura digiri 40. Dandamali marar inuwa, kome tsayinsa, fanko zai kasance har jirgi ya iso, sannan kowa ya rugo daga gindin bishiya lokaci ɗaya, duk lissafin mintocin da aka yi ya rushe. Rumfar da ta bi tsawon jirgi, da famfon alwala kusa, su ke rarraba mutane a ƙofofi tun kafin a ji ƙugin jirgi.

Dandamali na biyu shi ne ban iya yanke wa hukunci ba, kuma ina ganin ba magini ne zai yanke ba. In jiragen fasinja biyu ko huɗu ne a yini, mai tsara jadawali yana iya sa su riƙa haɗuwa a Daura ko Mashi, duk wanda ya zo Shargalle ya tsaya a gefen gini, ba gada ba mashigi. In ciniki ya buɗe, jirage suka yawaita har haɗuwa a Shargalle ta zama dole, to sai an zaɓa tsakanin ƙyauren da ke hannun mutum ɗaya da matakala sittin. Wanda ya taɓa ganin abin da jirgi ke yi wa mai tsallaka dogo zai ce gada. Wanda ke da uwa mai ciwon gwiwa a Dutsi zai ce a ɗauki masu gadi biyu.